'Yan Dubiyar Kifi a Alhilla Kuku

Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a wajen markaɗe a tare ni, har mai kawo mini ruwa sai da ya jingine kurarsa ya ce, "Hajiya Dije, wai da gaske ne a Sudan har kifi ake zuwa wa dubiya?" Bakina ya gaji. Ga shi na zauna zan rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai kiwon tarwaɗa ce a Haɗeja, a 'yan kwamaye a bayan gida. Bara cuta ta shigar mini. Jan gyambo a jiki, ciki ya kumbura, da safe in tarar da su sun juya fararen cikinsu sama. Na zuba kafso, ja-da-yalon nan da kowa ke zubawa, har ruwa ya canja kala, amma ko gezau. Da na kwashe na ƙarshe na wanke kwamaye, na kife bokitai, na zauna ina jin haushin duk wanda ya gaishe ni.

Muna da dangi a Sudan. Wan kakana na wajen uwa ne ya kama hanyar Makka a ƙafa, ya tsaya can neman guzuri, har Allah ya karɓi ransa bai gama nema ba. Ɗansa, Kawu Usman, yana kiwon karfasa a gefen wata unguwa da ake kira Alhilla Kuku. 'Yar Kawu kuwa, Amna, likitar dabbobi ce da ta ƙware a kan kifi. A waya muka san juna. Da ta ji abin da ya same ni sai ta aiko mini da saƙon murya, da Hausarta mai Larabci a ciki.

"Yaya Dije, irin ciwon nan ne ya shiga namu. Duk tafkunan sun tafi, saura na iyaye, manyan da muke samun 'ya'ya daga gare su. Baba ya ce halas, shi ke nan, in iyayen nan suka mutu zai ba masu gasa bulo filin, ya huta. Ya yarda in gwada maganin itatuwa, wannan karon kawai. Ki zo ki gani da idonki. In ya yi, ki kai gida."

Na bi ayarin matan Maiduguri masu saro laffaya da turaren wuta. Shugabarmu wata Hajiya Falmata ce, mai murya irin ta kwandasta, wadda ta san kowane mai shayi daga Gamboru har iyakar Sudan. Hanya dai ta ci ƙashina. Muka tsallaka Kamaru, muka shiga Injamena, daga nan mota ta yi ta jijjiga mu zuwa Abeshe. A can muka sauka a wani gida mai faɗin tsakar gida, tabarmi a jere, mata gefe guda. Na ce a ba ni ruwan wanka, aka miƙo mini buta. Na ce ai ba alwala na ce ba. Matar gidan ta dube ni ta dubi butar, ta ce da wannan ita take wanka har ta wanke kallabi. Na yi wankan, kuma wallahi ya ishe ni, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Duk inda waya ta kama sai na kira Amna. "Suna nan?" Sai ta ce, "Suna nan, Yaya, amma yau ma mun kwashe wasu."

A bakin iyaka, tsakanin Adire da Jinaina, daddawa ta kusa ja mini. Kawu ya aiko cewa kada in wahala da wata tsaraba sai daddawar kalwa, don tasu ta can ta 'ya'yan yakuwa ce, mahaifinsa kuma har ya rasu yana zancen ta gida. Na ƙunsa ta a leda kan leda. Jami'in da ke duba kaya ya kwance, ya ja da baya, ya kira na biyu, na biyun ya kira na uku. Suka tsaya suna shawara a kan kayana kamar sun kama wani abin tsoro. Har na fara ɗaure zani zan yi magana, Falmata ta taka mini ƙafa. Ta ce musu da Larabci, "Ku da kuke binne ganyen tafasa ya ruɓe ku yi miya da shi, ku ne za ku toshe hanci?" Suka fashe da dariya. Babban cikinsu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ce zai kai wa matarsa ta gwada, sannan ya sa aka kawo mana shayi.

Daga wannan shayin na fara gane irin mutanen da na shigo cikinsu. Duk inda mota ta tsaya, kafin ka sauke ƙafa wani ya riƙe hannun direba, wani ya shimfiɗa tabarma, ga tire ya fito. Ka ce ka ƙoshi, namiji da gemunsa sai ya rantse zai saki matarsa in ba ka ci ba. Ni da ba na son a matsa mini, haka na yi ta ci don kada in kashe auren mutane.

Mun iso Umdurman da hantsi, motar ta sauke mu a Suk al-Shabi, tasha da kasuwa a haɗe, hayaniya har ba ka jin maganar kanka. Ina waige-waige sai ga wata 'yar siririya da tabarau, cikin farar laffaya, ta dafa mini kafaɗa yadda suke gaisuwa, sannan ta rungume ni.

"Baiwata ta iso!" in ji ta.

Na ce, "Ji mini yarinya! A ƙasarku ba a gaida manya?"

Ta ce, "Ke 'yar mace, ni 'yar namiji. Ɗauki jakata."

Na yi dariya har da hawaye. Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, kakanta ya bar gida tun kafin a haifi uwata, ga ta tana yi mini wasan taubasai daidai yadda ake yi a ƙofar gidanmu. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Da muka hau gada zuwa Hartum ta ce in duba hagu. Jama'a, ni 'yar Haɗeja ce, na ɗauka na san kogi. Koguna biyu ne suka haɗu a wajen, kowanne sai ka ɗaga kai kafin ka hango ƙetarensa, ɗaya fari-fari, ɗaya mai duhu, suna tafiya tare kowa da launinsa, ba su gauraya ba har inda idona ya tsaya. Na yi ta subhanallahi har mai motar ya rage gudu don in ƙoshi da kallo.

Kawu Usman dogo ne, farar jallabiya, farin rawani, da wata tsohuwar Hausa da rabona da jin irinta tun rasuwar kakata. Ya tambaye ni garuruwa da unguwanni da bai taɓa gani ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya ya baro su. Da na kwance daddawar ya kai hanci ya shaƙa. Sai ya ce, "Ƙanshin ɗakin Baba ke nan."

Zamansu daban ne da namu ta wurare da yawa. Karin kumallo sai rana ta ɗaga sosai, wake ne dafaffe da man riɗi da burodi, kowa ya sa hannu a tire ɗaya. A tsakar gida ake kwana, a kan gadajen igiya. A bakin kowace ƙofa akwai randuna a inuwa da moɗa, don mai wucewa, ba sai ya yi sallama ba. Da azahar kuma sai ka ga kwanon miya ya tsallako katanga daga maƙwabta, naku ya tsallaka can. Mai tsire a bakin titi, wanda suke ce wa agashe, ka yi masa Hausa ya amsa maka.

Washegari aka kai ni tafkin, can bayan garken shanu, kusa da magudanar da ke kawo ruwa daga kogi. Tafkunan da suka mutu sun bushe sun tsattsage. Na iyayen kaɗai ke da ruwa. Kawu ya sa raga ya ɗago ɗaya, karfasa mai faɗin faranti, irin wadda ban taɓa gani ba, amma ga jan gyambo a gefenta, ido ɗaya ya fito ya yi fari. Na san wannan gyambon. Kawu ya mayar da ita, ya nuna mini wasu turaku da aka kafa a gefen filin. Ya ce mai bulo ne ya zo ya auna.

Amna ta ja ni Kasuwar Umdurman sayen kayan aiki. Layin masu kayan ƙanshi kaɗai ya isa mutum ya ɓata. Buhunan zoɓo, hulba, habbatussauda, citta, kurkum, tafarnuwa, da wasu saiwoyi da ban san su ba. Ta tsaya gaban wani tsoho ta ce ya auna mata garad. Na leƙa buhun na ce, "Ke, wannan ai bagaruwa ce! Awakina ke ci a bayan gida." Ta ce ta sani, shi ya sa ta fara da ita, don a Haɗeja ma akwai ta.

Aikinta ba irin jiƙe-jiƙen da muka sani ba ne. Takan shanya a inuwa, a daka, ta jiƙa, ta tace, ta bar ruwan ya ƙafe har sai ainihin maganin ya rage, ɗan kaɗan a gindin kwalba. Shi take aunawa a ɗan sikeli, ta gauraya da abincin kifi, ta shafe da mai don kada ruwa ya wanke. Ta ce ƙwayoyin cutar nan, bakteriya, sun saba da kafso saboda yawan zubawa barkatai, shi ya sa ake neman abin da zai rage dogaro da shi. Ta ce wasu abokan karatunta ma suna irin wannan gwaji a bakin teku, a kan jatan lande da ake kiwo.

To amma abu ya ƙi. Amna tana auna komai daidai, ruwan tafki kuwa kullum sai ƙara duhu yake kamar shayi, kifi suna taso kai sama suna haki. Abincin da aka sa wa maganin ma ba sa ci.

Ga kuma 'yan dubiya. A can, in mutum ba shi da lafiya, unguwa duka ke zuwa, kowa ya ce masa "kaffara", kowa kuma da maganin da ya warkar da kakarsa. To da aka ji kifin Kawu ba lafiya, haka aka yi musu. Kullum bayan la'asar inuwar darbejiyar bakin tafki cike take. A kawo kofi a 'yar tukunyar ƙasa, a zauna, a leƙa ruwa, a ce, "Kaffara, ya Usman." Da farko abin ya burge ni. A garinmu da kifina suka mutu, wasu har cewa suka yi dama na cika faɗin rai.

Sai wata rana na hango ganyen darbejiya yana yawo a ruwa, a daddake. Na ƙara dubawa, ga ɓawon albasa, ga kwanson kafso. Na kira Amna gefe na nuna mata.

Ta sauke numfashi ta ce, "Na yi zargin haka. Kowa in zai tafi sai ya ɗan zuba nasa, a ɓoye, don kada mu ce ya wahala."

"To ki hana su mana!"

"Yaya, wa zan hana? Wancan ya yi mini huɗuba, waccan ta goya ni. A nan in aka kawo maka magani ka mayar, ka yanke zumunci ke nan. Baba ma ya ce kada in kuskura."

Na ce ni ba wanda ya goya ni a unguwar nan. Na ɗauki kujera na dasa a bakin tafki.

Ranar farko idona kaɗai ya isa. Rana ta biyu da hantsi, ba kowa a wajen, sai ga Habboba Batul. Habboba shi ne kaka a bakinsu. Balarabiya ce, tsohuwa tukuf, katangarsu ɗaya da Kawu tun kafin a haifi Amna. Ta taho da ƙatuwar tukunya a ka, tana tafe tana hutawa. Tun asuba take tafasa bagaruwa, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ta yi mini murmushi ta nufi bakin ruwa ta fara karkata tukunyar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na riƙe tukunyar na ce, "Ke tsohuwa, kashe su za ki yi? Ku ne kuke kashe su! Kullum ku zo ku shanye kofi ku zuba musu guba!" Ba ta jin Hausa, amma irin wannan magana ba ta bukatar tafinta. Ta sakar mini tukunyar a hankali, ta gyara laffayarta, ta juya. Ko kallona ba ta sake yi ba.

Ranar ba wanda ya zo dubiya. Da azahar kwano bai tsallako katanga ba. Kawu ya zauna gaban tire bai sa hannu ba. Can ya ce, "Dije, 'yata, matar nan ita ta wanke gawar matata. Ita ta shayar da Amna lokacin da uwarta ke kwance. Gara in cike tafkin nan gobe da a ce a filina aka kori Batul." Ya ce zai aika wa mai bulo.

Har yau ban ce na yi laifi ba, don da tukunyar nan ta shiga ruwa da babu sauran zance. Amma ni na jawo wannan. Na zo daga Haɗeja in ga yadda ake ceton kifi, ga shi bakina zai sa a binne tafkin.

Amna ta roƙi mahaifinta ya ɗan saurara mata. Ta wanke ƙananan kwalabe ta jera a tire, ta ɗora mini a ka, ta ce, "Baiwa, bi ni." Muka bi gida-gida. A kowace ƙofa sai ta ce, "Mun zo roƙon maganinku. Za mu kai makaranta a gwada shi da sunanku." Ka ga fuska ta saki. Mai darbejiya ya kawo, mai albasa ta kawo, mai kanti ya kawo kafsonsa yana cewa nasa na Turawa ne. Malamin unguwa ya miƙo rubutu, Amna ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Malam, wannan ba a gwada shi. Addu'a muke roƙo, a bakin tafkin." Ya ji daɗi ƙwarai.

Gidan Habboba Batul muka je ƙarshe. Ta bar mu a tsaye har kaina ya fara zafi a ƙarƙashin tire. Sannan ta nuna mana gado, ta hura gawayi, ta dafa kofi da citta mai yawan da sai da na yi tari. Ta cika mini, na shanye, ta sake cikawa, idonta a kaina. Ban iya Larabcin ban haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Na dai sha har ta gaji da zubawa, sannan ta cika mana kwalba da ruwan bagaruwarta.

Abin da na gani a ɗakin gwajin makarantarsu shi ne dalilin da ya sa nake cewa tafiyar nan ta biya. Amna ta ɗebo ƙwayar cutar daga cikin mataccen kifi ta shafa a wasu 'yan farantan gilashi masu wani abu kamar kamu da ya daskare. Ta yanka 'yan takardu ƙanana, ta tsoma kowacce a maganin mutum ɗaya, ta ɗora a kai, ta sa a akwati mai ɗumi. Da muka dawo washegari, cutar da ido ba ya gani ta tsiro ta rufe farantan fari fat. Amma kewaye da wasu takardun akwai fili, da'ira tsaf, tas, inda cutar ta zo ta tsaya ta kasa ƙarasawa. Na riƙe farantin a haske tsigar jikina na tashi. Shekara da shekaru ina zuba magani a ruwa ina fata kawai, ban taɓa ganin inda magani da cuta suka yi arba ba sai ranar. Na ce, "Allah mai iko! Amna, wannan a jikin bagaruwa Ya ajiye shi tun fil azal?" Ta ce, "Tun fil azal, Yaya. Mu dai aunawa muke."

Ta naɗe bakin farantan da salatif ta kawo su gida, ta jera a tiren shayi a tsakar gidan Kawu, aka kira unguwa. Ta hana kowa buɗewa. Ta bi su ɗaya-ɗaya. Tafarnuwa ta yi fili mai kyau. Darbejiya ɗan siriri. Albasa da ƙyar ake gani. Kafson mai kanti kuwa cutar ta hau har kan takardar ta zauna, ya ce lallai an yi masa maguɗi, aka yi ta yi masa dariya. Da aka zo kan na Habboba Batul, filinsa ya fi na kowa faɗi. Mata suka ɗauki guɗa. Tsohuwa ta juyo ta harare ni, harara mai kyau, na kuma karɓa.

Amna ta bari guɗa ta lafa, sannan ta kawo mataccen kifi ta ɗaga murfin kunnensa, inda yake numfashi. Maimakon ja, wurin ya yi ruwan ƙasa ya ƙandare.

Ta ce, "Habboba, me garad yake yi wa fata a wajen majema?"

Tsohuwa ta ce, "Yana ɗaure ta."

"To haka yake yi wa numfashin kifi in ya yi yawa a ruwa. Naki ya fi na kowa ƙarfi, shi ya sa ya fi na kowa haɗari."

Habboba ta daɗe tana kallon kifin. Sannan ta ce, "To nawa ake sawa?" Amna ta nuna mata a ɗan cokali, ta ce kuma a abinci, ba a ruwa ba. Ta gaya wa jama'a gaskiya, cewa abin da ya yi aiki a faranti ba lallai ya yi a cikin kifi ba, kuma ba maganin da zai yi komai in ruwa ya lalace.

Washegari na je tafki na tarar an riga ni. Habboba ce a kan kujerata, da sanda a cinya. Daga ranar ba wanda ya sake matsawa kusa da ruwan da ko ƙwayar gishiri, don ita in ta kori mutum ba a kiransa yanke zumunci. Maza suka yi gayya aka zubar da rubabben ruwa aka sako sabo. Aka ware masu gyambo a wani kwami. Mata suka karɓi daka, Amna na aunawa. Ni da Habboba muka riƙa zama tare, ita da Larabcinta ni da Hausata, kowa na faɗin nasa, muna kuma fahimtar juna a kan wanda ya cika surutu.

Ba a rana ɗaya abin ya tsaya ba. Wasu sun ci gaba da mutuwa, har da mai farin idon nan da Kawu ya fara nuna mini. Sannu a hankali dai aka daina kwasa, suka fara taso wa abinci, gyambo ya fara rufewa. Amma Kawu bai ce a cire turakun ba. Na tambaye shi, ya ce, "Iyayen da suka sha irin wannan ciwo, wani lokaci sun rayu ke nan kawai, ba sa ƙara haihuwa. In babu 'ya'ya, me nake tsaro?" Mai bulo ya sake zuwa, Kawu ya ce masa ya dawo bayan baƙuwarsa ta tafi.

Zamana ya yi tsawo har Falmata ta sake zagayowa da wani ayarin, ta aiko cewa in shirya. Ana gobe zan tafi, na je yi wa kifin sallama da safe. Na watsa abinci suka taso, ban da ɗaya. Ta maƙale a lungu, ba ta motsi, abinci ya faɗo gabanta ta kau da kai. Da na duba sosai sai na ga haɓarta ta kumbura.

Na ƙwala ihu, "Amna! Kawu! Ta dawo! Wallahi cutar ta dawo!"

Suka taho da gudu, Habboba na biye da sandarta. Amna ta durƙusa ta leƙa, ta dubi mahaifinta. Kawu bai tsaya cire jallabiya ba, ya shiga ruwan har ƙugu, ya bi ta a hankali da 'yar raga, ya tallafo ta da hannu biyu zuwa bakin tafki. Ya ce, "Dije, matso." Ya sa ɗan yatsa ya buɗe bakinta kaɗan.

Bakin cike yake da ƙwai, rawaya, kamar ƙwayar gero, wasu har sun yi ido da wutsiya suna motsi. Ni mai tarwaɗa ce, ban taɓa sanin akwai kifin da ke goyon 'ya'yansa a baki ba, ya haƙura da ci har su yi ƙwari. Na zauna daɓas a cikin taɓo ina salati, ina kuka, ban damu da wanda ke kallona ba.

Habboba ta buɗe baki za ta yi guɗa, Kawu ya ɗaga mata hannu. Ya sunkuya ya mayar da karfasar cikin ruwa, ya riƙe ta har sai da ta zame da kanta ta koma lungunta. Ya daɗe a tsaye a cikin ruwan, ya goge fuska da jelar rawaninsa. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Amna, aika a gaya wa mai bulo ya zo ya kwashe turakunsa. Ki ce masa akwai mai jego a gidan, ba inda za mu."